Sallahu ga Sahabi

Sahabi, ga mabuɗin shago,
ga kwamfutar nan da harafin "a" ɗinta ya suɗe don dannawa.
Zan yi wata biyu a Birnin Kebbi wajen jinyar Inna.
Shafin 'yan albasan Aliero yana hannunka.

Kafin ka taɓa komai, buɗe reshe naka.
Uwar aikin ba wurin gwaji ba ce.
Ka gyara kaɗan, ka ajiye, ka rubuta abin da ka gyara,
don wutar garin nan ba ta sallama in za ta tafi,
batirin kuma ya tsufa, minti arba'in ne ƙarfinsa.
Kada in dawo in tarar da "gyara", "gyara kuma", "gyara na ƙarshe".
Ni ma na yi haka. Na sha wuyar kaina.

Kalmar sirri ba ta kwana cikin kod.
Tana da fayil ɗinta daban, wanda ba ya hawa ko'ina.
Bara na manta, na tura ta tare da sauran,
kwana uku ina canza makullai,
ina jin kunya kamar wadda ta bar zane a bakin rijiya.

In jan rubutu ya cika maka fuska, kada ka rufe shi.
Karanta. Yana faɗin layi, yana faɗin fayil.
Ka tuna Baba in an kawo masa karaya:
ba ya ɗaukar kara da tsumma tukuna,
sai ya bi ƙafar da yatsa, sannu,
har mai ciwo ya yi ƙara a wuri guda.
Nan ne. Nan kaɗai yake ɗaurewa.
Kai ma canza abu ɗaya, ka gwada,
kada ka ɗaure ƙafa duka don yatsa ya goce.

Sa wa abu sunansa.
Kuɗin buhu, ka ce kuɗin buhu,
ba wani harafi tilo da ko kai ba za ka gane shi ba bayan Sallah.
Abin da ka kwafo daga intanet kuwa,
in ba za ka iya yi wa Luba bayaninsa ba, ka mayar.
Takalmin aro, ko ya shiga, yana cizo.

Alhaji Dantani ba shi da kwamfuta.
Waya gare shi mai tsagaggen gilashi,
data ta ɗari biyu, sabis sanda ɗaya a bakin rumfa.
Da irinta za ka gwada, tana cikin aljihun tebur.
Matse hotunan nan. Albasa ce, ba amarya ba.
In shafi ya wuce numfashi uku bai buɗe ba
Alhaji ya koma ga littafinsa da biro.

Kuma kada ka yarda da akwatin da mutum zai cika.
Ka nemi lamba, wani zai rubuta "buhu goma sha".
Wani da gangan zai zuba abin da zai rushe rumbun.
Tace a waya, ka sake tacewa a saba.

Rumbun bayanai, kwafe shi duk dare,
sannan ranar da ba kowa ka gwada maido da shi.
Hatsin da ba a taɓa buɗe rumbunsa ba
wa ya san ko gara ta riga mu?

Jajibirin kasuwa ba a sakin sabon aiki.
Ko Alhaji ya kira sau bakwai, ce masa jibi.

Saura fankar ciki, tana kuka in rana ta take.
Ɗora kwamfutar kan bulo biyun nan, iska ta shiga.
In abu ya gagara, tashi ka sha ruwa, ka zaga bayan masallaci.
Sau da yawa a hanyar dawowa nake ganin waƙafin da na manta.

In ya ƙi duk da haka, kira ni bayan isha'i.
Lokacin Inna ta yi barci.